Inda ba a goge numfashin mawaƙi

Abu na farko da aka koya mana a aikin haɗa sauti shi ne goge numfashin mawaƙi. Duk inda ya ja iska tsakanin baiti da baiti, a datse. Sai da aka ba ni shirya wani shirin rediyo kan kiɗan Inuit, mutanen can ƙuryar arewacin Kanada, na tarar da inda wannan doka ba ta aiki.

Katajjaq, wato waƙar maƙogwaro ta Inuit, wasan mata ne. Biyu ke tsayawa fuska da fuska, riƙe da hannun juna. Ɗaya ta fitar da sauti daga maƙogwaro, ɗayar ta cike gurbin da ta bari, a ja iska a fitar babu tsayawa, har wata ta fashe da dariya ko numfashi ya ƙare mata. Ita ce aka ci. Masu yaɗa addinin Kirista sun hana wasan shekaru da dama. Da na buɗe faifan a kwamfuta, babu inda zan sa almakashi, domin shigar iskar da fitarta su ne kiɗan.

Tanya Tagaq, mawaƙiya 'yar garin Cambridge Bay a yankin Nunavut na arewacin Kanada, ita kaɗai take yin wannan wasa, tare da mai gogen Turawa da mai ganga, kuma da bakinta take faɗa cewa nata ba na gargajiya ba ne. Ta ci kyautar Polaris, babbar lambar yabo ta waƙa a Kanada, a 2014. Abin da na fi lura da shi a wasanta: makaɗan ke bin maƙogwaronta. Ta yi sauri su yi sauri, ta lafa su lafa.

Elisapie, wata mawaƙiyar Inuit 'yar garin Salluit a arewacin Quebec, ta ɓullo ta wata hanya. A 2023 ta ɗauko waƙoƙin su Metallica da Blondie, ƙungiyoyin mawaƙan Amurka, ta rera da Inuktitut, harshen Inuit, ta sassauta su har sai ka kasa kunne kafin ka gane su.

Mu a situdiyo, in mai kalangu ya zo, sai mu saita bugu a kwamfuta mu ce ya bi, alhali kalangu magana yake bi, yana hawa da sauka da muryar mawaƙi. Shi ya sa yake fitowa kamar baƙo a waƙarsa. Yanzu shi da mawaƙin nake fara ɗauka, sannan in gina sauran kiɗan a kansu. Aikin ya fi cin lokaci, kuma wasu mawaƙan ba sa so, sun fi son a gama da wuri.