Girman igiyar ruwa da inda mai hoto ya tsaya

Ruwa ba shi da ma'auni a cikin hoto. Ka ɗauki raƙumin ruwa mai tsayin mita 20, ka ɗauki wani mai mita 2, ka jera su a fuskar kwamfuta babu mutum a ciki, babu jirgi, babu gini, da wuya wanda bai je wurin ba ya gaya maka wanne ne babban. Launinsu ɗaya, lanƙwasarsu ɗaya, kumfarsu duk fara. Wannan ne abu na farko da ɗaukar masu hawan igiyar ruwa daga gaɓa a lokacin hunturu ya koya mini, kuma kusan duk sauran darussan daga nan suka tsiro. Mutumin nan da ke tsaye a kan allon sululu, wanda a hoto bai wuce ɗigo ba, shi ne sikelin. In ka rasa shi, ko ka cika hoton da shi, to ka zubar da girman da ya sa ka fito cikin sanyi.

Sabon shiga da ya samu dogon gilashin kyamara mai janyo nesa kusa, na milimita 500 ko 600, zuciyarsa takan raya masa ya janyo mahayin kusa har a ga fuskarsa da yatsunsa. Hoton zai fito tsaf, amma ba zai bambanta da wanda aka ɗauka ranar da teku ke kwance ba. Ni sarari nake bari. Ina so a ga gindin igiyar inda ruwa ya lotsa, a ga ƙololuwarta inda ta fara naɗewa, a ga kuma farin layin da allon ya tsaga tun daga sama, domin layin nan ne shaidar nisan da mutumin ya gangaro. Sau da yawa gilashi na milimita 300 ya fi yi mini aiki a kan wanda ya ninka shi.

Bayan sarari sai wurin tsayuwa, kuma a nan ne maganar take da nauyi. Duk wanda ya taɓa ganin hotunan Nazare ta ƙasar Fotugal ya san irinsu: jar hasumiyar fitila a kan tsohuwar ganuwar São Miguel Arcanjo, jama'a sun yi cincirindo a kanta, ga kuma bangon ruwa a bayansu kamar zai haɗiye su da ginin baki ɗaya. Wanda ya tsaya a wurin ya san akwai tazara mai yawa tsakanin ganuwar da inda igiyar take karyewa. Abin da ya faru shi ne mai hoton ya ja da baya, ya hau tudu, ya yi nisa da hasumiyar da igiyar duka, sannan ya janyo su da dogon gilashi. Idan ka yi nisa da abubuwa biyu, tazarar da ke tsakaninsu takan matse a ido. Mutane kan ɗora wa gilashin laifi, alhali ƙafar mai hoton ce ta yi aikin.

Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Hasumiyar tana nan, ruwan yana nan, ba a ƙara komai ba. Amma hoto ne na tsoro da ban mamaki, ba na awo ba, kuma ya kamata mai shi ya san wanne ya ɗauka kafin ya rubuta lamba a ƙarƙashinsa. Daga sama kana ganin shimfiɗar ruwan da ke gaban igiyar tana haɗewa da fuskarta, har ka kasa cewa ga inda gindinta yake, sai ta yi kamar ba ta da iyaka. Daga ƙasa, a kan rairayi, kana ganin tsayuwarta sosai a jikin sararin sama, sai dai igiyar da ta riga ta karye a gaba takan tare maka rabin ƙasa, wani lokaci har da mahayin. Kowane wuri da abin da yake ba ka da abin da yake ƙwacewa, kuma a ranar manyan igiyoyi ba ka da lokacin yawo tsakaninsu.

Abin da ya sa na ɗauki wannan da muhimmanci shi ne ba wanda ke iya shiga ruwa da igiyar awo. Duk bajintar tsayin igiyar da wani ya hau da aka rubuta a wannan fage daga hoto da bidiyo aka auna ta. Mita 23.8 da aka ba Garrett McNamara a Nazare a 2011, da mita 24.38 ta Rodrigo Koxa ɗan Brazil a 2017, da mita 22.4 ta Maya Gabeira a 2020, da mita 26.21 ta Sebastian Steudtner ɗan Jamus a ranar 29 ga Oktoban 2020, duk lissafi ne da aka yi a kan abin da kyamarori suka kama. Ta Steudtner sai a Mayun 2022 aka tabbatar da ita. Matsalar masu awo ita ce mahayi ba ya tsayawa a miƙe, a durƙushe yake, don haka tsayinsa na gaskiya ba ya amfani. Sai suka koma ga ƙwaurinsa, daga diddige zuwa gwiwa, domin shi ba ya lanƙwasuwa, suka mai da shi ma'auni, sannan suka gyara lissafin bisa kusurwar da kyamara take kallo. Tun da na fahimci haka ba na taɓa ainihin hoton da ya fito daga kyamara. In zan yanke gefe, kwafi nake yankewa. Agogon kyamarar yana daidai, kuma ina rubuta inda na tsaya. Aiki ne maras daɗi da ba wanda zai yaba maka a kansa, amma hoton da ba a san daga ina aka ɗauke shi ba shaida ce mai rauni.

Sai karatun teku, wanda ya fi karatun kyamara tsawo nesa ba kusa ba. Igiyoyin da ake hawa ba iskar wurin ce ke tayar da su ba. Guguwar hunturu ce can tsakiyar arewacin Atlantika ko arewacin Fasifik, mai nisan dubban kilomitoci, take turo su, su yi kwanaki suna tafiya. Shi ya sa lokacin aikin a Nazare yake daga wajen Oktoba zuwa Maris. A hasashen yanayi lambar da na fi dubawa ba ta tsayi ba ce, ta tazarar daƙiƙoƙi ce tsakanin igiya da mai bi mata. Igiya mai tazarar daƙiƙa 8 tsawonta daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa kimanin mita 100 ne a ruwa mai zurfi. Mai daƙiƙa 16 kuwa kimanin mita 400 ne, kuma takan fara jin ƙasan teku tun a zurfin da ya kai rabin wannan tsawo. Ita ce mai ƙarfin, ita ce kuma siffar ƙasan teku take iya lanƙwasawa ta tara a wuri guda.

A Nazare abin da ke yin wannan aiki kwazazzabo ne a ƙarƙashin teku, mai tsawon kimanin kilomita 230 da zurfin da ya kai kusan mita 5,000 a wasu wurare, wanda bakinsa ya zo dab da gaɓa. Ɓangaren igiyar da ya bi ta kwazazzabon yana tafiya da sauri saboda zurfi, wanda ya bi ta gefe kuma ƙasa tana rage masa gudu, sai su karkato su haɗu, ruwan ya tashi sama kamar dala. Ga mai hoto ma'anar wannan ita ce ƙololuwar ba ta da wurin zama. Ƙasan wurin rairayi ne, yanzu ta tashi nan, an jima ta tashi can. A Mavericks ta Kalifoniya ko Pe'ahi ta tsibirin Maui na Hawai, inda dutse ne a ƙasa, igiya takan karye kusan a wuri ɗaya, kana iya saita kyamara ka jira. Wanda ya kawo wannan ɗabi'a Nazare zai yi ta ɗaukar ruwa zalla.

Dabarar da ta fi taimaka mini ita ce na daina kallon ruwa kaɗai, na koma kallon baburan ruwa. Manyan igiyoyi suna da gudun da hannu ba ya iya kamowa, shi ya sa tun farkon shekarun 1990 su Laird Hamilton da Buzzy Kerbox da Darrick Doerner suka fara jan juna da igiya a Hawai, da farko da ƙaramin jirgin roba, daga baya da babur ɗin ruwa. Direban babur ya fi ni sanin wadda za a hau, domin akwai mai lura a kan tudu da ke gaya masa ta rediyo. Idan na ga babur ya juya ya taka wuta, na san wadda zan bi tun kafin ta miƙe. Igiyoyi kuma rukuni-rukuni suke zuwa, sai a yi shiru, sai wasu su biyo. Ta farko a rukuni ba lallai ba ce babba, kuma wanda ya danna maɓalli ba ƙaƙƙautawa a kanta yakan tarar kyamara tana haki, tana kwashe hotuna zuwa kati, daidai lokacin da ta uku ta taso.

Iska da rana su ne ke raba ranar awo da ranar hoto. Iskar da ke busowa daga tudu zuwa teku takan tallafe fuskar igiya ta yi sumul, ta kwashe feshin ƙololuwa ta watsa shi baya, kuma hoto ba ya son abin da ya fi wannan. Wadda ke busowa daga teku takan farfasa komai, ta kuma kawo hazon gishiri da ke dusashe duk abin da ke nesa, ko da gilashinka na miliyoyi ne. A gaɓar da ke fuskantar yamma rana tana bayanka da safe, launin ruwa ya fito. Da la'asar tana gabanka, mahayi ya zama baƙar inuwa, feshi ya yi ƙyalli. Duka biyun suna da kyau, sai dai na safe ya fi faɗin gaskiyar siffar igiyar.

Saitin kyamara kuwa ba shi da wani sirri. Saurin ƙiftawar kyamara ya kai ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa ko fiye, fokas mai bin motsi a takure shi a ƙaramin wuri don kada feshi ya ɗauke masa hankali, haske kuma a auna shi da farar kumfa, domin in ta ƙone ba ta dawowa. Mariƙi mai ƙafa uku saboda nauyin gilashi da kaɗawar iska. Batir a aljihun ciki saboda sanyi yana shanye shi. Gishirin da ya sauka a gilashi kada a goge shi a bushe, yana karcewa. Wannan duk mutum zai iya koyonsa a mako guda.

Wanda ba a koyo a mako guda shi ne sanin cewa gaɓa ma cikin teku take a irin waɗannan ranaku. Idonka ɗaya a rufe, ɗayan yana kallon abin da ke nisan rabin kilomita, ba ka ganin abin da ke zuwa ƙafarka. A Fabrairun 2010, ranar gasar Mavericks, ruwa ya haura inda 'yan kallo suke tsaye ya share su, fiye da goma suka ji rauni, wasu har da karaya. Kafin in kafa mariƙi nakan tsaya in ga rukuni biyu ko uku sun wuce, in duba iyakar jiƙon dutse, in kuma san ko ruwa cikowa yake ko janyewa. Dutsen da ya jiƙe alhali ba a yi ruwan sama ba, teku ce ta taɓa shi, kuma za ta dawo.

Akwai kuma lokacin da mahayi ya faɗi. Mutanen nan suna sa rigar da ke kumbura da iska ta ɗago su, suna da masu ceto a kan babura, amma duk da haka teku takan yi rinjaye. Mark Foo ya rasu a Mavericks a Disambar 1994. Maya Gabeira an fito da ita a sume daga ruwan Nazare a Oktoban 2013, abokin hawanta Carlos Burle ya janyo ta gaɓa aka farfaɗo da ita. Márcio Freire ya rasu a can a Janairun 2023. Idan mutum ya nutse cikin kumfa ba na juya gilashi zuwa igiya ta gaba, ko da ita ce babbar ranar. Ina riƙe wurin ina ƙirga daƙiƙoƙi, domin in tazarar ta cika bai ɓullo ba, wata za ta hau kansa bai shaƙi iska ba. Daga kan tudu dogon gilashi yana iya hango launin riga a cikin fari, abin da direban da ke ƙasa tsakanin tuddan ruwa ba ya gani. Ihu ba ya kaiwa ko'ina saboda rugugin teku, amma mai rediyo sau da yawa yana tsaye kusa da kai, kuma nuni da hannu ya ishe shi.

Hotunan faɗuwa sun fi kowane iri saurin yaɗuwa a intanet, kowa a cikin sana'ar ya san haka. Akwai masu sakinsu tun suna kan tudu, kafin a san halin da mutumin yake ciki, wani lokaci iyalinsa a can za su fara gani. Nawa suna zama a kati har sai na ji labarin ya fito lafiya daga bakin mutanensa, kuma na wanda aka kwantar a rairayi ana danna masa ƙirji ba na fitar da su ko bayan ya warke, sai in shi ya nema.