Alhamdulillah, Umma ta dawo gida

Jiya bayan la'asar muka dawo da Umma gida. Tun da aka fara maganar ɗibar tsokar hantarta don gwaji, sai daren jiya na samu barcin kirki.

Kun san shekararta 9 da bawul ɗin ƙarfe a zuciya, kullum sai ta sha warfarin, maganin hana jini daskarewa. Abin ya zame mana gaba kura baya sayaki: a bar ta kan maganin, allura ta shiga hanta jini ya ƙi tsayawa, a dakatar, jini ya daskare a kan bawul. Kwana 5 ba ta sha ba, sai allurar heparin, ita ma mai hana jini daskarewa, a fatar ciki safe da yamma, ta ƙarshe awa 24 kafin aiki. Ranar da aka sa mana, gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, ya fito 1.7, likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai ya sauko ƙasa da 1.5. Na yi masa fushi a raina, ya yafe mini. Washegari ya zo 1.3.

Da sikanin yana nuna masa hanya, aikin bai kai minti 20 ba. Sai aka kwantar da ita ta gefen dama, ana auna hawan jininta duk minti 15. A karo na uku ya ɗan sauka, gwiwata ta yi sanyi. Wata nas da ta riga ta tashi aiki, jaka a kafaɗa, ta ajiye jakar, ta sake aunawa, ta kira likita. Aka sake sikanin, babu jini a ciki. Ta ga hannuna na rawa ta ce, "Ƙanena, kasa kunne." Ɗakin tsit, sai ƙas-ƙas ɗin bawul ɗin Umma, daidai yadda muka saba jinsa a gida. Yaya, ko sunanki ban tambaya ba. Allah ya jiƙan mahaifanki, ya shirya miki zuri'a, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Kawu ya hana a ambace shi, amma shi ya sayi allurar nan duka. Matasan majalisarmu su 6 suka ba da jini ko za a buƙata. Allah ya saka, ya suturta ku duniya da lahira, ya ba marasa lafiyarku lafiya. 'Yan uwan da ke cikin gari amma sai saƙon WhatsApp, mun gani, mun gode.

An mayar da ita kan warfarin, allura na ci gaba har INR ya kai 2.5. Alhamis za mu koma gwaji, a ci gaba da sa mu a addu'a.