Sana'ar buga riguna a unguwar da aka haifi hip-hop

Shagona yana kudancin Bronx a birnin New York, kuma aikina shi ne buga zane da rubutu a jikin riguna da huluna. Ni Bakano ne ɗan marini, na tashi ina ganin hannuwan mahaifina sun rine da baba har zuwa gwiwar hannu, amma ban taɓa zaton launi ne zai ci da ni a Amurka ba. Yawancin masu kawo mini aiki baƙar fata ne da 'yan asalin Puerto Rico da Jamhuriyar Dominika: mawaƙa masu tasowa, masu juya faifai a wurin biki, ƙungiyoyin rawa, da iyaye mata masu shirya taron unguwa idan bazarar nan ta shigo.

Wanda ya koya mini sana'ar wani dattijo ne ɗan Puerto Rico, wanda a ƙuruciyarsa yana cikin yaran da ke fesa sunayensu da fenti a jikin jiragen ƙasa. Kusan shekara guda na yi a wurinsa ban buga riga ko ɗaya ba, aikina wanke ragar buga zane kawai da share tsohon magani daga firam. Yana tsaye a kaina yana ba ni labarin unguwar. Daga bakinsa na ji yadda babban titin Cross Bronx ya keta unguwanni ya tashi dubban iyalai, da yadda gidaje suka riƙa cin wuta a shekarun 1970, da zaman sulhun da gungun matasa suka yi a titin Hoe a watan Disamba na 1971 bayan an kashe wani mai shiga tsakani na ƙungiyar Ghetto Brothers. A ganinsa, wannan sulhu ne ya sa yaro ya iya tsallaka zuwa layin wasu don jin kiɗa ba tare da fargaba ba. Abin da ya fi maimaitawa shi ne bikin 11 ga Agusta 1973 a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, inda DJ Kool Herc ya juya faifai, bikin da ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar kiɗan hip-hop. Ƙanwarsa Cindy Campbell ce ta shirya taron domin ta sami kuɗin sayen kayan komawa makaranta, mata suka biya santi 25, maza santi 50. Maigidana yakan ce, ka ga tun ranar farko nema ne, kuma kuɗin bai bar layin ba.

Mutane suna zaton buga riga ɗora hoto ne kawai. Kowane launi yana da ragarsa dabam, kuma sai an shafa mata magani mai kama haske, a bar ta ta bushe a ɗaki mai duhu, sannan a haska zanen a kanta a wanke. Idan rubutu ne mai kauri ina amfani da raga mai manyan idanu, lamba 110, domin tawada ta zauna sosai; idan fuskar mutum ce ko siraran layuka irin na masu zanen bango, sai mai lamba 230, in ba haka ba zanen ya cuɗe. Baƙar riga, wadda ita mawaƙa suka fi so, ta fi kowace wahala, domin dole a fara shimfiɗa farar tawada a ƙasa, a ɗan gasa ta, kafin a ɗora ja ko ruwan ɗorawa, kuma idan raga ɗaya ta goce da kaurin gashi, za ka ga fari yana leƙowa a gefen harafi. Daga nan riga ta bi ta na'urar gashi har tawadar ta kai zafin digiri 160 a ma'aunin Celsius. Ba na yarda da allon na'ura shi kaɗai. Ina ɗaukar riga ɗaya in ja zanen da hannu biyu, idan ya tsage na san bai nuna ba, sai a sake. Wannan jan hannu a wurin mahaifina na gado shi, domin shi ma ba ya miƙa turmi sai ya murza ya gani.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayo. Yaro zai kwana yana zana tambarinsa, mu zauna mu gyara, in buga masa guda hamsin ya sayar a wurin wasa, kafin mako biyu sai ka ga an ɗauki hoton rigar da waya, an manna da takardar guga a kan yadi marar nauyi, ana sayarwa a bakin titi rabin kuɗi. Wanki uku zanen ya fara ɓarewa, kuma sunan yaron ne yake zubewa, shi da bai ci ko sisi ba. A 2023, da aka yi bikin cika shekara 50 na hip-hop a filin wasa na Yankee, irin waɗannan riguna sun cika titi, har wata mata ta shigo shagona da guda a hannu tana faɗa, tana zaton aikina ne. Na juya rigar na nuna mata ɗinkin wuya, na ba ta tawa ta ja da kanta.

Wani lokaci abokan ciniki sukan tuna mini cewa Dapper Dan, telan nan na unguwar Harlem, shi ma da tambarin manyan kamfanoni ya yi suna, har shari'a ta rufe shagonsa a 1992. Amsata ita ce, shi ya yanka ya ɗinka abin da babu shi a da, kuma daga baya Gucci da kansu suka nemi haɗa kai da shi. Misalin da na fi kawo wa matasa shi ne kamfanin tufafi na FUBU, wanda Daymond John da abokansa suka fara daga gidan mahaifiyarsa a Hollis ta Queens da ɗinkin huluna, kuma ma'anar sunan ita ce namu ne, mu muka yi.

Saboda haka nake karɓar ƙaramin aiki wanda manyan masana'antu ba sa kallo, ko riga goma sha biyu ce. Watan Yuni, gab da faretin 'yan Puerto Rico, ba ma barci, kuma a lokacin nake ɗaukar yaran layinmu biyu ko uku su taya ni. Kowannensu da wankin raga yake farawa. Ɗaya daga cikinsu, ɗan Dominika, yanzu ya fi ni iya daidaita launi shida, kuma shi ne zai tarbe ka idan ka zo da zanenka da safe kafin in iso.