Totur na wuƙa ne, giya ce ta tafiya

Shekarata ta biyu a kan tarakta kawuna ya fara ba ni injin sassabe, irin wanda ake ɗaurawa a baya, mai wuƙaƙe biyu masu juyawa a ƙarƙashin faifan ƙarfe. Gonar tana kudu da Gadarif, a gabashin Sudan. An girbe dawa tun Janairu, shanu sun ci abin da za su ci, sai kututturen kara da busasshiyar ciyawa da 'yan itatuwan ƙaya da ake kira kitir da suka fara tasowa. Ana so a share wurin kafin ruwan Yuni, don in laka ta jiƙe disk, wato garmar tarakta mai faifai, ya shiga ba tare da ya shaƙe ba. Mu nan tarakta babur muke ce mata, kamar yadda Larabawan Gadarif ke faɗa, dizal kuma jaz. 'Yan'uwa na Najeriya da Nijar kada ku ɗauka mashin mai ƙafa biyu nake nufi.

Abin da na shiga gonar da shi a kaina shi ne tattalin jaz. Na saba ji ana cewa direban kirki ba ya sa inji ihu. Don haka na ajiye totur wajen 1,300 a agogon da ke nuna juyin inji a minti, na sa giya babba don in ci ƙasa da sauri, ina ganin na haɗa riba biyu. Kwana uku ina haka. In na waiwaya sai in ga kara ya kwanta, in ce ya saru. Ran na huɗu Kawu ya zo da mota, ya taka cikin inda na bi, ya sa ƙafa ya ɗaga kara. Rabinsa na nan da saiwarsa, lanƙwashe shi kawai aka yi. Ya ce, "Kai yaro, zo ka duba agogon nan. Me ka gani a jikinsa?" Na ce, "Lambobi, Kawu." Ya ɗora yatsa kan wata ƙaramar alama mai rubutun 540 wadda ban taɓa kula da ita ba.

A kan wannan alama duk maganar take. Sandar da ke fitowa daga bayan tarakta, wadda makanikai ke kira PTO, mai juya wuƙaƙen injin sassabe, an ƙera ta ta yi juyi 540 a minti ɗaya, wato tara a daƙiƙa, kuma a kan wannan juyin aka ƙera giyabos ɗin injin sassabe. Sandar tana bin injin tarakta ne kai tsaye: inji ya ragu, ta ragu. A tarakta da na koya a kai, alamar tana wajen 1,800. Da na ajiye ta a 1,300, sandar juyi 390 kawai take yi. Mutum zai ce ai ba a rasa da yawa ba. An rasa. Ƙarfin saran wuƙa ba ya raguwa daidai da raguwar gudu, raguwarsa ta fi haka: in gudu ya koma kashi uku cikin huɗu, ƙarfin dukan ya koma kusan rabi. Kuma wuƙaƙen nan ba kaifi suke aiki da shi ba kamar lauje. Dakusassu ne, masu nauyi, rataye a kan noti, gudu ne ke miƙe su. A cikakken juyi bakin wuƙar yana haura kilomita 200 a awa, yana fasa kara kafin karan ya samu damar kaucewa. In gudu ya gaza, wuƙa na taɓa abu mai tauri sai ta naɗe baya, ciyawa ta nannaɗe a gindin giyabos, inji ya soma nishi yana fitar da baƙin hayaƙi.

Wannan nishin ne ya fi ba ni takaici da na gane. Ni da nake ganin ina tausaya wa inji, ashe wahalar da shi nake yi. Injin dizal da aka ɗora wa kaya mai nauyi a ƙaramin juyi yana zafi, fankarsa da famfon ruwansa ba sa gudu yadda ya kamata, ga rana ta Afrilu da ke wuce digiri 40 a Gadarif. Jaz ɗin da na ce ina tattali kuwa, sai da muka sake bin faddanin nan gaba ɗaya. A kan faddan, ma'aunin faɗin gona a nan, ake lissafin mai, ba a kan awa ba.

To ta ina za a rage gudu in wuri ya yi duhu? Ta giya. Ka kai allura kan alama da totur na hannu, ka bar shi nan, ka cire ƙafarka daga na ƙasa. In ka ji sautin inji ya faɗi, allura ta sauka ta ƙi komowa, to ka yi wa wuƙa lomar da ta fi bakinta: koma ƙaramar giya, ko ka ɗaga injin sassaben sama kaɗan, ko ka ci rabin faɗinsa. Kada ka wuce alamar kuma, don a nan ne ƙarfe ke gajiya. Wata tarakta alamarta tana ƙasa da 2,000, wasu ƙananan na zamani sai sun haura 2,400, don haka kada ka ɗauki lambar maƙwabcinka. Wasu suna da 540E, mai ba da juyin nan ɗaya a ƙaramin gudun inji, yana da kyau a ciyawa marar nauyi. Akwai kuma sanda mai juyi 1,000, haƙoranta 21, ta 540 kuwa shida ne. Kada wani ya ƙera maka mahaɗi ya jona injin 540 a ta 1,000.

Kuskurena na biyu daga gyaran na farko ya fito. Tunda an ce 540, sai na riƙa kai totur can sama tukuna in saki sandar ta fara juyi. Ji kake ƙau, noti ya tsinke. Wannan notin da ke haɗa sanda da giyabos da gangan aka yi shi da ƙarfe mai laushi, don in an daki dutse ko kututture shi ya karye a madadin abu mai tsada. Ban san haka ba. Da na uku ya tsinke, na ciro wani mai tauri daga akwatin kayan aiki na ɗaura, na ji daɗi ya daina karyewa. Bayan kwana biyu na hau kututturen ƙaya, haƙoran giyabos suka zube. Kwana tara injin yana ajiye ana neman kaya a cikin gari, hadari yana haɗuwa ta gabas, Kawu bai ce mini komai ba, kuma shirun ya fi mini faɗa ciwo. Daidai shi ne ka saki sandar totur yana ƙasa, a hankali, a fili inda babu ciyawa, ka ji wuƙaƙe sun miƙe girgiza ta lafa, sannan ka ɗaga totur zuwa alama ka shiga aiki. In za ka tsaya, sauke totur tukuna.

Wani abu da ba a gaya mini ba: wuƙaƙen ba sa tsayawa don ka taka kuloci. A wasu tsofaffin taraktoci nauyin juyinsu yana komowa ta sandar ya ci gaba da tura ka gaba, kai kuwa ga kwari a gabanka. Akwai ɗan mahaɗi mai juyi hanya ɗaya da ake sawa a bakin sanda saboda haka, ka tambayi usta, wato babban makanike, ko taku tana buƙata. Kuma don Allah, jallabiya da rawani ba kayan wannan aiki ba ne. Abin da ke juyi tara a daƙiƙa, in ya kama bakin riga, ba ka da lokacin salati. Kashe inji, jira komai ya tsaya cik kafin ka sauka. Yaran makiyaya da ke zuwa kallo, kore su nesa, mita ɗari ba ta yi yawa ba, don dutsen da wuƙa ta ɗauka harsashi ne. Ragar lagireto kuma a share ta duk tsayawa, ƙaiƙayi yana toshe ta cikin awa biyu.

Na san taraktoci da yawa a mashru'an nan, wato manyan gonakin da ake nomawa da tarakta, agogonsu ya mutu tun tuni, da kunne ake tuƙa su. Kunne yana ruɗi, musamman in salansa ta fashe. Ka nemi makanike mai na'urar auna juyi ta hannu, ya auna a bakin sandar kafin a ɗaura injin sassabe, in ta kai 540 ku shafa fenti a daidai inda hannun totur ya tsaya. Da agogon tamu ya mutu haka Kawu ya yi, da jan fenti, kuma duk shekara kafin fita kambo, wato sansanin gona, sai an sake aunawa, don wayar totur tana saki.