Zoben Viking da na saya ban tambaya ba

A shekarata ta farko a Jamus, da rana ina makaranta, da dare ina wanke-wanke a wani gidan abinci. Da albashin farko ya shigo, sai na sayi zobe a intanet, Yuro 15. Ƙarfe ne mai launin azurfa, da wata alama a kansa kamar kifi ya tsaya a kan jelarsa, ƙafafun biyu sun ɗan lanƙwaso sama. Ya zo da 'yar takarda mai cewa harafin 'yan Viking ne, wato tsofaffin mayaƙan teku na arewacin Turai, sunansa Othala, ma'anarsa gado da gida da dangi. Ni kuwa ga ni da kewar gida, sai na ce an yi shi ne domina.

Kusan wata biyu yana hannuna. Wata rana ina miƙa wa dattijuwar da ke dafa abinci faranti, sai ta riƙe yatsana, ta juya shi wajen fitila, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ɗana, wa ya ba ka wannan?" Na ce saya na yi. Ta ce in cire shi kafin in hau jirgin ƙasa, in je gida in bincika. Ba ta ƙara ko kalma ba.

Na bincika, na kwana da kunya. Harafin tsoho ne, gaskiya, kuma ma'anarsa ta gado ba ƙarya ba ce. Amma mai lanƙwasassun ƙafafun nan, shi ne wanda wata runduna ta SS, dakarun musamman na jam'iyyar Nazi ta Hitler, ta riƙe a matsayin tambarinta. Bayan yaƙi ma wata ƙungiyar matasa masu aƙidar Nazi ta ɗauki harafin, har gwamnatin Jamus ta haramta ƙungiyar a 1994. Ga ni baƙin mutum, Bahaushe, ina yawo a titunan Jamus da tambarin mutanen da ko inuwata ba sa so. Da wani zazzafan matashi ne ya fara gani ba dattijuwar ba, ban san yadda za ta kaya ba.

Abin da ya ƙara ba ni haushi, harafin ma ba na zamanin Viking ba ne. Haruffan nan da ake kira run iri-iri ne. Tsohon jerin yana da 24, an yi amfani da shi daga wajen ƙarni na 2 zuwa na 8. Zamanin Viking kuwa, wanda ake ƙirgawa daga 793 zuwa 1066, mutanen Denmak da Norwe da Suwidin sun rage su zuwa 16, kuma Othala na cikin waɗanda aka zubar. Yawancin zobba da sarƙoƙin da ake tallatawa da sunan Viking tsohon jerin ke kansu, don ya fi sauƙin daidaitawa da boko. Da maƙerin zamanin Viking za ka ba sunan Dauda, da Tauta zai sassaƙa maka, domin harafi ɗaya ne ke ɗaukar t da d, ɗaya k da g, ɗaya b da p. Ƙ da ɗ namu kuwa, sai dai haƙuri.

Ƙannena, kuskurena na farko shi ne na ɗauki takardar mai sayarwa kamar littafin malami. Mai talla ba ya cewa kayansa da tsami. Kowane harafi yana da suna, wannan haka ne: na farko yana nufin dabbobi da dukiya, wani rana, wani ƙanƙara. Amma dogon bayanin nan na "kariya" da "ƙarfin zuciya" da "sabuwar rayuwa", mafi yawansa na baya-bayan nan ne. Wani ɗan Austriya, Guido von List, ya ƙirƙiro nasa jerin mai 18 a farkon ƙarni na 20, kuma daga irin tunaninsa 'yan Nazi suka ɗebo. Harafin rana guda biyu a jere, kamar walƙiya biyu, shi ne tambarin SS, kuma nuna shi a fili laifi ne a dokar Jamus. Akwai kuma wata da'ira mai ƙafafu 12 da ake kira baƙar rana, wadda ake cusawa cikin kayan Viking, alhali daga daɓen fadar Wewelsburg ta Himmler, shugaban SS, ta fito. In ka gan ta a sarƙa, ko kyauta ce, a kai kasuwa.

Su masu haruffan, rubutu suke yi da su kamar kowa. A Bergen ta Norwe an tono ɗaruruwan 'yan sanduna na bayan zamanin Viking, wasu sunan mai kaya ne kawai, ɗaya kuma saƙo ne cewa Gyda ta ce ka koma gida. A Hagia Sophia ta Istanbul wani Halfdan ya kankare sunansa a jikin dutse, irin aikin yaran makaranta a kan benci. Tambarin Bluetooth da ke wayarka ma haruffa biyu ne aka haɗa, H da B, na Sarki Harald na Denmak.

Ka ce wannan ya ishe ni darasi? Ina! Da zan zo hutu na saya wa ƙanena abin wuya mai rassa 8, na ce masa da shi 'yan Viking ke gane hanya a teku. Vegvisir ake ce masa. Daga baya na gano daga wani kundin Aisland na 1860 ya fito, kusan shekara 800 bayan zamanin Viking ya shuɗe. Kundin cewa ya yi mai ɗauke da alamar ba zai ɓata ba ko ana guguwa. Wato hatimi ne, laya ce, ba na'urar gane gabas ba. Mahaifiyarmu tun ranar farko ta ce abin ya yi mata kama da zanen bokaye, na yi mata dariya. Ita ce da gaskiya.

Nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani, musamman Musulmi da Kirista. Gudumar Thor, ubangijin tsawa a addininsu na da, ita kam ta Viking ce ta asali. An tono su da yawa, har a 2014 aka samu ɗaya a tsibirin Lolland na Denmak da rubutu a jikinta cewa wannan guduma ce. Amma alamar abin bautarsu ce, suna rataya ta don neman tsari. Lokacin da Kiristanci ke shigowa, wani maƙeri a yankin Jutland na Denmak yana da dutsen zubi ɗaya mai fitar da gicciye da guduma, kowa ya zo a sallame shi. Ni dai na yanke cewa ba zan rataya ta ba, ko da ado kawai nake nufi. Kai ma ka tambayi malaminka kafin ka biya kuɗi, ba bayan ta hau wuyanka ba.

In sha'awar kayan nan ta kama ka, akwai waɗanda ba su da wannan rigimar: murɗaɗɗen awarwaron azurfa, da zanen dabbobi masu sarƙewa. Azurfar ma da yawa daga ƙasashen Musulmi ta je musu. A tsibirin Gotland na Suwidin, a 1999, an tono taska mai tsabar kuɗi sama da 14,000, galibinsu dirhami. A Birka ta Suwidin kuma an samu zobe a kabarin wata mata ta ƙarni na 9, da rubutun da masu bincike suka karanta da sunan Allah.

Zoben nawa yana nan cikin gwangwanin alawa tare da tsofaffin makullai. Na so in sayar, sai na tuna irin wanda zai yi murnar saye.