Kwanson harsashi da bindigar Baba

Daren jiya a Tahoua na kasa barci saboda wani bidiyo da na kalla na mahalban barewa a Amurka masu ɗura harsashinsu da hannu. Akwai wani maƙerin bindiga nasu, P. O. Ackley, da ya gyara ramin da harsashi ke zama: ya miƙar da gefensa, ya mai da kafaɗar, wato inda ramin ke tsukewa ta gaba, kwana digiri 40. Sai mahalbi ya sa harsashi na yau da kullum ya halba, ƙarfin fashewar ya buɗa kwanson tagulla har ya cika ramin. Daga nan kwanson ya samu sabuwar siffa, yana ɗaukar albarushi fiye da da, a sake ɗura shi sau da yawa.

Wallahi Baba na tuna, Allah ya jiƙansa. Ta baki yake ɗura bindigarsa, ya auna albarushi a tafin hannu, ya danna tsumma a hankali, mu yara ya ce mu ja baya. Ba ya magana sai ya gama. Bindigar na nan rataye a ɗakin yayana, gobe in sha Allah zan je in shafa mata mai.