Godiya ga ƙawayen 'yata na makaranta a Kasala

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan, yau da aka ba su sakamakon jarrabawa na ce a'a bari dai in fito in yi godiya kowa ya ji.

Yaƙi ya ɓarke a Sudan 15 ga Afrilu 2023 cikin azumi, muka baro Umdurman zuwa Madani, a Disamba can ma aka sake tayar da mu sai Kasala. Yarinyar nan tawa ta fi shekara ba ta riƙe biro ba, magana ma ta rage, ranar da na kai ta makaranta hannunta rawa yake cikin nawa wallahi, ba yunifom, ba ta san kowa ba, ga shi ta girmi 'yan ajin.

Lokacin fatur, wato karin kumallo, ta koma gindin bango ita kaɗai don ban samu abin da zan ƙulla mata ba. Sai wasu yara huɗu, ƙawayen juna ne tun suna ƙanana, uku Hausawanmu ɗaya 'yar ƙabilar Bani Amir, suka ɗauko kwanon ful ɗinsu, wato dafaffen wake, da burodi suka dawo inda take suka zauna. Ba su ce zo ki ci ba, su suka taso, kuma har yau ba wadda ta tambaye ta me kika gani a can.

Abin da ya sa ni kuka kuwa, wata rana iska ta bugo ƙofar aji da ƙarfi, 'yata ta faɗa ƙarƙashin tebur ta toshe kunne, kafin a fara dariya ɗayarsu ta duƙa ta bi ta tana cewa malama birona ne ya faɗi muna nema. Suka zauna a ƙasan har ta dawo hayyacinta. Yarinya 'yar shekara 13 fa! Malamarsu ce ta ba ni labari, su ko a bakinsu.

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku. Iyayensu mata, sannunku da tarbiyya, musamman Hajiyar da ta aiko da yunifom a leda ta ce wai ya yi wa tata kaɗan, alhali sabo ne fil, na ga alamar allin tela a jiki.

'Yata ta zo ta tara a aji. Ran Juma'a in sha Allahu ina jiranku gida bayan la'asar, akwai agashe, wato tsire, da jabana, wato gahawa, ku taho da yaran duka.